Shekara Arba'in a Gidan Takardu: Abu Salim da Abin da Ya Shafi Burtalinku

Shirin da muka yi kan gidan ajiyar takardun ƙasar Sudan ya jawo magana, kuma da yawanku ba ku same shi daga farko ba, wani yana bakin rijiya, wani yana layin kwastan. To ga shi a rubuce, har da ƙarin abin da lokaci bai bar mu mun faɗa ba.

A ƙasar nan idan aka ce mutum ya daɗe a kujera, ba yabonsa ake yi ba. Numairi ya yi shekara 16, daga 1969 zuwa 1985. Bashir ya yi 30, daga 1989 zuwa 2019. Kowa ya san yadda aka rabu da su. Amma akwai wani mutum da ya fi su duka daɗewa a kan tasa kujerar, ya yi shekara 40 cur, kuma da ya tashi ba wanda ya fita titi yana murna. Sunansa Dokta Muhammad Ibrahim Abu Salim. Bai riƙe soja ba, bai riƙe baitulmali ba. Takardu ya riƙe. Daga 1955 zuwa 1995 shi ne shugaban gidan da a yau ake kira Darul Wasa'iƙ al-Ƙaumiyya a Hartum, wato gidan ajiyar takardun ƙasa.

Na san wani dattijo zai ce, to yaro, ina ruwan mai bin saniya da malamin takarda a Hartum? Baffa, a yi mini haƙuri kaɗan. Kafin mu gama za ku ga burtalinku da hawashar ɗan'uwanku a Jazira da takardar jinsiyyar da ke aljihunku duk sun ratsa ta ƙofar gidan nan.

Mu fara da bambanta abu biyu da ake yawan haɗawa. Laburare ɗakin littattafai ne. Littafi kuwa ana buga shi dubu, idan ɗaya ya ƙone akwai saura a wani gari. Gidan takardu ba haka yake ba. Abin da ke ciki yawanci guda ɗaya ne tak a duniya: wasiƙar da wani sarki ya aika, rajistar haraji ta wata shekara, hukuncin alƙali kan wata gona, rahoton wani mufattish kan rigimar ruwa tsakanin ƙauye biyu. Idan gara ta ci ta, shi ke nan. Ɗan kasuwa ya fi kowa gane wannan. Ana sayar da littafin koyon lissafi a kowace kasuwa, amma littafin bashinka, wanda ka rubuta wane ya karɓi buhu nawa na riɗi a wace rana, ba inda za ka saya. A zamanin Abu Salim ma gidan nasa ya haɗa aikin biyu, don ana tara jaridu da littattafan da aka buga a ƙasar a can, kuma shi da laburaren Jami'ar Hartum ne suka ɗauki nauyin da laburaren ƙasa ke ɗauka a wasu wurare.

An haifi Abu Salim a 1927 a ƙauyen Sawarda, can arewa a ƙasar Nuba ta bakin kogi, kudu da Wadi Halfa. Ya gama karatu a kwalejin da ta zama Jami'ar Hartum a 1955, shekara ɗaya kafin samun 'yancin kai. A lokacin wani Bature masanin tarihi, Peter Holt, shi ke riƙe da ɗan ofishin takardun gwamnati, kuma Turawa suna ta haɗa kayansu. Holt ya tafi, saurayin ya karɓa. Yana da shekara 28 ke nan.

Abin da ya tarar a ofishin, mafi daraja a ciki, ganimar yaƙi ce. Daular Mahdi, da ta kama Hartum a Janairun 1885 ta kuma faɗi a yaƙin Karari ranar 2 ga Satumba 1898, daula ce mai yawan rubutu. Mahdi da Halifa Abdullahi suna aika wasiƙu ga amirai, amirai suna amsawa, baitulmali yana rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, har da injin buga takarda da suka samu a Hartum suka ci gaba da aiki da shi. Da sojojin Ingila da Masar suka ci ƙasar, jami'an leƙen asirinsu suka kwashe takardun nan dubun-dubata. Ba don ƙaunar tarihi suka adana su ba. Suna so ne su san wa ya yi wa Mahdi mubaya'a, wa ya aika masa da me. Holt ya fara tsara su, Abu Salim ya ɗora, kuma a kansu ya yi digirinsa na dokta a 1966.

Ga yadda aikin yake, don ba zama ne a ƙarƙashin fanka kawai ba. Wasiƙa ɗaya ta Mahdi tana iya zuwa hannunka kwafi biyar, kowanne wani almajiri ne ya kwafe shi a wani gari, wannan ya tsallake layi, wancan ya ƙara kalma, wani bai sa kwanan wata ba. Sai ka jera su, ka duba hatimi, ka duba hannun magatakarda, ka duba irin takardar, ka gano wacce ta riga wacce, wacce ce ta asali, wacce ce aka ƙirƙira daga baya don wata buƙata. Kamar dai yadda ku kuke shiga kara, ku dubi shaidar da ke kunnen saniya da ƙahonta da tafiyarta ku ce wannan daga garken wane ta fito, ko da ta ratsa hannu uku. Ba a koyon wannan a shekara biyu. Ido ne da ke nuna a hankali. Sai a farkon shekarun 1990, kusan ƙarshen aikinsa, ya fitar da cikakkun rubuce-rubucen Mahdi a juzu'i bakwai. Aikin da ya fara yana saurayi ya kammala shi da furfura.

Wannan tarin ya shafe mu kai tsaye. A ciki akwai wasiƙun da suka shiga tsakanin Mahdi da Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya zauna a Balda ta ƙasar Adamawa ya karɓi kiran Mahdi tun daga can. Wato kafin a kafa yawancin ƙauyukanmu na bakin Nil Azrak da muka sani a yau, takarda tana tafiya tsakanin ƙasar Sakkwato da bakin Nilu, a jakar mahajjata da fatake. Wani malami ɗan Sudan, Muhammad Ahmad al-Hajj, wanda ya koyar a Kano, ya yi amfani da wasiƙun nan ya rubuta tarihin Mahdiyanci a arewacin Najeriya. Da ba a adana su ba, da labarin ya tsaya a “an ce”.

Amma a ganina babban abin da Abu Salim ya yi ba a kan takardun Mahdi yake ba. Ya ƙi yarda gidan ya tsaya a matsayin sito na gwamnati. Ya nemi doka, aka yi ta a 1965, ofishin ya zama gidan takardu na tsakiya mai cin gashin kansa, da hurumin karɓar tsofaffin fayiloli daga ma'aikatu. A 1982 aka sake wata doka ya zama na ƙasa baki ɗaya. Sannan ya juya ga takardun da ke hannun mutane: gidajen malamai, gidajen sarauta, zuriyar 'yan kasuwa, iyalan da ke da wata tsohuwar takarda a cikin gafaka ba sa nuna wa kowa.

A nan ne daɗewa ta yi rana. Ku da kanku ku auna. Wani baƙo ya zo da motar gwamnati ya ce ku ba shi takardar gonar kakanku zai kai Hartum ya adana. Wa zai ba shi? Ba kowa. Za a ce haraji ake shirin ɗorawa, ko ƙwace ake shirin yi, kuma ba laifin mai zargin ba ne. Sai idan an san mutumin, an ga abin da ya yi da takardun gidan wane shekara goma da suka wuce, an ga bai sayar ba, bai ba abokin shari'a ba, an ga ya buga ta a littafi da sunan gidan a jiki. Ɗan kasuwar iyaka ya san wannan ciniki. Wanda kuke ba kaya bashi a Gallabat ko Matamma ba don takardar shaidarsa kuke ba shi ba, don kun daɗe kuna ganinsa a rumfa ɗaya ne. Ministan da ake canzawa duk bayan shekara biyu ba zai taɓa tara irin wannan amana ba.

Kuma ku dubi abin da ya wuce ta kansa yana zaune: gwamnatin Azhari, ta Abdullahi Halil, sojan Abbud daga 1958, juyin Oktoban 1964, Numairi, Suwar al-Dahab, Sadiƙ al-Mahdi, har zuwa shekarun farko na Bashir. Kowace gwamnati ta zo da nata labarin yadda ƙasar ta faro, kowace kuma tana da abin da za ta so a manta. Mai riƙe da takardu yana tsakiya. Idan ya zama ɗan jam'iyya, wadda ta biyo baya za ta kore shi, ta kuma ƙi yarda da duk abin da ya tara.

Yanzu mu zo kan ƙasa, wato inda maganar ta fi zafi.

Sarakunan Funj sun yi mulki daga Sinnar tun 1504 har 1821. Idan sarki ya ba wani malami ko wani babba fili, akan rubuta takarda: daga ina zuwa ina, wace bishiya, wane kwari, su wa suka shaida, sannan a buga hatimi. Haka sarakunan Darfur suke yi, su suna kiran filin hakura. Iyalai suka riƙe takardun nan shekaru aru-aru. Abu Salim ya tara na Funj ya buga a 1967, na Darfur a 1975. Daga baya ya haɗa hannu da wasu masana biyu na waje, Sean O'Fahey a kan na Darfur a 1983 da Jay Spaulding a kan na Sinnar a 1989, aka fassara su zuwa Turanci. Aiki ne mai kyau, ba mai musu. To amma ku lura da wanda ke cikin takardun. Wanda sarki ya sani ne. Malamin da ke da masallaci da almajirai, ko basaraken da ke da magatakarda. Makiyayin da ke ratsa filin nan sau biyu a shekara, da damina ya yi arewa, da rani ya gangara kudu, tun kafin a haifi sarkin, ba ya ciki. Ba wanda ya rubuta masa komai, don a lokacin bai buƙata ba. Kowa ya san hanyar shanu ce.

Ranar da rashin takardar ya zama ciwo ta zo a 1970. A shekarar gwamnatin Numairi ta yi dokar filayen da ba su da rajista, ta ce duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba ta gwamnati ce. Rajistar da Turawa suka yi kuwa ta fi yawa a bakin Nilu da Jazira da manyan garuruwa. Dajin kiwo kusan gaba ɗaya ba ya ciki. Shekara biyu kafin nan, a 1968, an kafa hukumar noman inji, ana yanka manyan gonaki ana ba masu tarakta. Waɗanda suka bi ta Dali da Mazmum sun san sauran labarin fiye da ni: inda uba ya wuce da garke ba tare da ya tambayi kowa ba, ɗa ya zo ya tarar da dawa iya ganinsa, da mai gadi, da tara. Mai gona yana da taswira da lamba da hatimi. Mai shanu yana da abin da ya ji daga bakin kakansa. A gaban alƙali, kun san wanda ake fara saurara.

Idan kuna ganin tsohuwar takarda ba ta da ƙarfin juya garke, ku dubi Abyei. Yarjejeniyar zaman lafiya ta 2005 ta ce a gano iyakar yankin masarautun Dinka Ngok guda tara da Turawa suka mayar ƙarƙashin Kordofan a 1905. Shekara ɗari bayan abin. Masanan da aka ɗora wa aikin sun saurari dattawan Dinka da na Misiriya, amma sai da suka shiga gidan takardu na Hartum, suka je Ingila, suna bin rahotannin mufattishai da tsofaffin taswirori. Da aka ƙi yarda da sakamakonsu aka tafi kotun sasanci ta Heg a ƙasar Holan, ta yanke hukunci a Yulin 2009, ta sake ja layin, ta kuma ce haƙƙin kiwo na gargajiya yana nan. Rigimar ba ta mutu ba har yau. Amma ku ga inda aka je neman hujja kan mashayar shanu: cikin fayil ɗin da wani Bature ya rubuta a tanti, wani kuma ya hana gara ta ci.

Sai maganar jinsiyya, wadda ba gidan Bahaushe ko Bafillace a ƙasar nan da bai ɗanɗana ba. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a Yulin 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas da waɗanda suka tsira. Suka iso Nil Azrak, suka fara sauka wajen Shehu Talha, sannan a 1906 aka kafa garin Mai Wurno kudu da Sinnar. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe noman audugar Jazira, hannun mutanenmu na cikin waɗanda suka haƙa, suka shuka, suka tsinci auduga, wasu a hanyarsu ta Makka suka tsaya neman guzuri, tsayawar ta zama zama. To dokar jinsiyya ta 1957 ta ce ɗan ƙasa na asali shi ne wanda shi ko kakanninsa ta wajen uba suke zaune a Sudan tun 31 ga Disamba 1897. Ku lissafa. Mutanen Burmi sun makara da 'yan shekaru kaɗan. Mutumin da aka haifa a Mai Wurno, ya yi furfura a Mai Wurno, doka ta bar shi a bakin ƙofa. Daga baya aka sassauto da ranar zuwa 1924, sannan dokar 1994 ta kawo ta 1 ga Janairu 1956. Kowace rana aka sa, tambayar ɗaya ce: kawo shaida. Kuma shaidar da ofis ke so takarda ce, rasit ɗin haraji, rajistar hawasha, sunan uba a littafin omda.

A cikin fayilolin Hartum muna nan da yawa. Akwai rahotannin leƙen asiri kan “Fallata”, akwai na lardin Nil Azrak, akwai na ma'aikatan auduga da na mahajjata. Masu bincike sun yi amfani da su, irin su Umar al-Naƙar da ya rubuta tarihin hanyar hajji ta Afirka ta Yamma a 1972, da Mark Duffield da ya zauna a Mai Wurno ya fitar da littafi a kan garin a 1981. Sai dai wanda ya rubuta fayilolin nan jami'in mulkin mallaka ne da ke da damuwa biyu: kada mutanen nan su tayar da Mahdiyanci, kuma kada audugar bana ta rasa masu tsinta. Da wannan idon ya gan mu. Abin da tsohuwa ta sani na yadda aka haƙa rijiyar farko a ƙauyenku, da wanda ya ba da wurin, da abin da aka yi alkawari a ranar, bai shiga ba.

Ba na ɗora wa Abu Salim laifin wannan. Mutum yana adana abin da aka rubuta ne. Amma kada girmamawa ta hana mu faɗin inda tsarin ya gaza. Na farko, komai ya taru a Hartum. Makiyayi daga Rusairis ko ɗan kambo daga Managil ba shi da kuɗin mota da kwana uku a birni don neman fayil, ko da ya san akwai shi. Na biyu, gidan da mutum ɗaya ya riƙe shekara 40 yakan zama shi ne mutumin. Ya san abin da ke kowane lungu, ya san wace takarda ce ke da 'yar'uwa a wani akwati, kuma ba duk abin da ke kansa ne ke shiga kundin jagora ba. Ranar da ya tashi, wani sani yana tashi da shi. Ya bar aiki a 1995, Allah Ya yi masa rasuwa a 2004. Allah Ya jiƙansa. Ya bar gida mai miliyoyin takardu a inda ya tarar da ɗan ofis.

Akwai kuma abin da ya kamata a faɗa a fili, ko da ba daɗi. Takarda tana iya zama makami. Duk mun san abin da ya faru a Nil Azrak a Yulin 2022, ya sake tashi a Oktoba a Wad al-Mahi. Ɗaruruwan rayuka suka salwanta, dubban mutane suka bar gidajensu, kuma a ƙarƙashin rigimar akwai tambayar wa ke da ƙasa, wa ke da hurumin sarauta a kanta. Idan kowa ya zaro tsohuwar takardarsa don ya ce maƙwabcinsa baƙo ne, ba inda za a tsaya, don kowane hatimi akwai wanda ya riga shi. Takardar sarkin Sinnar tana gaya maka wanda aka ba fili a zamaninta. Ba ta gaya maka ko yaron da aka haifa a wurin bara yana da ikon kwana lafiya ba. Amfanin gidan takardu na gaskiya shi ne duka takardun suna wuri ɗaya, taka da ta abokin shari'arka, a hannun wanda ba ya cin riba idan ɗayanku ya yi nasara. Abin da Abu Salim ya yi ƙoƙarin ginawa ke nan, kuma shi ya sa kujerar take buƙatar mutumin da ba ya sauri.

Sannan yaƙi ya zo ranar 15 ga Afrilu 2023. Tsakiyar Hartum, inda ma'aikatu da gidajen tarihi suke, ta zama fagen fama kusan shekara biyu. Laburaren cibiyar Muhammad Umar Bashir a Jami'ar Ahliyya ta Umdurman ya ƙone a farkon yaƙin. An wawashe gidan kayan tarihi na ƙasa. Madani ta faɗi a Disamban 2023, Sinja a tsakiyar 2024, kuma ko da aka karɓe su daga baya, duk wanda ya koma ya ga yadda ofisoshi da kotuna da makarantu suka zama. Ku da kuka gudu da abin da hannu zai iya ɗauka, ku kuka san yawan takardun da aka bari a ƙarƙashin katifa.

Abin da ya fi samun kariya a wannan wuta shi ne abin da ke da kwafi a wani wuri. Jami'ar Durham a Ingila tana da nata gidan takardun Sudan tun 1957. Hotunan takardun filayen Darfur da O'Fahey ya ɗauka suna Bergen a ƙasar Nowe. Kafin yaƙin ma an yi wani shiri mai suna Sudan Memory, ana ɗaukar hoton takardu da hotuna da jaridu ana sa su a kwamfuta, kuma Darul Wasa'iƙ na cikin gidajen da aka yi aikin da su. Abin da ciwo a ce sai ka je Turai ka ga takardar kakanka. Amma gara hakan da toka.

To ku fa? Wayar da ke aljihunku tana yin abin da a zamanin Abu Salim sai an ɗauko na'ura daga birni. Duk wata takarda da ke gidanku, ku fito da ita da rana a inuwa, ku shimfiɗa a kan tabarma, ku ɗauki hotonta gaba da baya, hatimi ya fito sosai, kwanan wata ya fito. Kada ku raina ko ɗaya. Rasit ɗin harajin dabbobi, katin allurar shanu, takardar izinin tsallake iyaka, rasit ɗin kasuwa, takardar sulhu da aka yi da masu gona a gaban omda shekara ashirin da suka wuce. Kowace ɗaya tana cewa wane yana wuri kaza a shekara kaza, kuma hukuma ta karɓi kuɗinsa ta buga masa hatimi. Rasit goma na shekaru goma a kan hanya ɗaya hujja ce da ba a ture ta da baki. Ku aika hotunan ga ɗan'uwa a wani gari, Gadarif ko Kosti ko ma Kano, kada su zauna a waya ɗaya, don waya tana faɗawa rijiya, ana kuma ƙwace ta a shinge.

Ita kuwa ta asalin, kada ku kai ta shago a manne ta cikin leda da zafi. Yana da kyau a ido, amma tsohuwar takarda ba ta fita daga ciki kuma, kuma zafin yana cin tawada. Kada ku liƙa salatif a inda ta yage, yana barin tabo yana ruɓar da wurin. Ku sa ta a miƙe tsakanin farar takarda biyu, cikin akwatin ƙarfe, a ɗora a kan wani abu, kada ya taɓa ƙasa ko bango saboda gara da damshin damina. Idan wani ofis ya nema, ku ba da kwafi, ku nuna ta asalin a hannunku ku koma da ita.

Abin da ba a taɓa rubutawa ba kuwa, shi ya fi gaggawa. A kowane ruga da kowane ƙauye akwai dattijo ɗaya ko biyu da suka san hanyar tun daga farko har ƙarshe: sunan kowane mashaya, kowane hafir, inda ake kwana, wane shehu ake gaisarwa a ina, wace shekara aka fara ganin tarakta a wane wuri. Ku sa yaro ya zauna da shi bayan la'asar ya kunna rikoda ta waya. Ya fara da faɗin sunansa da na mahaifinsa da ranar da ake maganar, sannan ya bi hanyar zango-zango. Ku tambaye shi musamman inda gidanku yake a shekarar da Turawa suka tafi, 1956, da waɗanda za su iya shaida hakan, don har gobe ita ce shekarar da ofishin jinsiyya ke tambaya. Idan akwai mai rubutu a gidan, da boko ko da ajami, ya kwafe maganar a littafi, dattijon ya sa hannu ko ya dangwala, mutum biyu su shaida a ƙasa.